Kan Nomau a Goran Habi

Kwana tara kacal Nomau ya yi yana riƙe wa wani Bature maharbi jaka a Maraɗi, amma kwana taran nan sun ishe mu shekara goma sha biyu. Tun da ya dawo Gidan Jika, babu tsuntsun da zai gifta ta saman gari bai faɗi sunansa da na ubansa da inda ya kwana ba. In ka ce ka ga balbela, sai ya ce ba ita ba ce, ƙanwarta ce. In ka yi gardama ya ce, "Kai ka taɓa zuwa Maraɗi?" Mu kuwa yawancinmu iyakarmu kasuwar Agiye, sai mu bar masa zancen.

Garinmu a bakin tafki yake, kudu da hanyar mota. Da zarar an gama girbi, shamuwa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi, sanyi ya fara leƙowa, sai tafkin ya cika da baƙi. Kirinjijiya da dinya dama 'yan gida ne, sai dai su ƙaru. Amma a shekarar da aka samu mulkin kai abin ya wuce misali. Gauraka sun zo, kwasakwasa sun zo, jinjimi ya jeru a gaɓa, ga wasu ƙananan agwagi masu doguwar wutsiya da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin yawansu haka ba. Mushe Harouna, malamin lakol, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malaman boko), yana da madubin hangen nesa da wani Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Kullum da safe kafin ya shiga aji sai ya tsaya gindin giginya yana leƙe, yana rubutawa a littafi. Shi ya gaya mana ƙananan nan daga bayan hamada suke, har teku suka ƙetaro.

"Na san garinsu," in ji Nomau. "Kusa da gidan maigidana Bature ne."

Ana cikin haka takarda ta zo wa Maigari Jika cewa ranar sha takwas ga Disamba, ranar bikin Jamhuriya, sabon kumandan, mai mulkin yankinmu, zai biyo ta garinmu. Baƙin mutum ne irinmu, abin da ba mu taɓa gani ba, kuma Mushe ya ba shi labarin tsuntsayen, yana so ya gani da idonsa. Maigari ya tara dattawa a ƙofar gida ya ce za a yanka rago. Chindo mahauci ya gyara zama, har ya fara lissafin inda zai rataye fata.

Nomau ya yi wani dogon tsaki.

"Rago? Ranka shi daɗe, rago abincin da ne. Manya yanzu agwagwa suke ci. Ni na gani da idona a Maraɗi."

"To ɗauko bindigar da Baturen ya bar maka," in ji Chindo.

"Bindiga ta ragwaye ce. Harbi guda, agwagwa guda, saura su tashi. Ni da hannu zan kamo su. Guda ɗari."

"Ɗari?" in ji Maigari.

"Don kak in ƙarar da su ne, ranka shi daɗe. A bar na baɗi."

Sai ya miƙe tsaye ya yi mana bayani, har da kwatance. Za a kifa ƙorai da yawa a kan ruwa, tsuntsaye su saba da ganinsu. In sun saba, sai mutum ya kifa ɗaya a kansa, ya shiga ruwa iya wuya, ya lallaɓa cikinsu yana jan ƙafafunsu ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cusawa a buhu. Ba ƙara, ba kuka, ta kusa ma ba za ta san an ɗauke 'yar'uwarta ba.

Mushe ya ce dabarar gaskiya ce, ya taɓa karantawa masunta na yi a gabas, amma sai an bar ƙoran sati biyu ko uku a ruwa. Ga shi saura kwana huɗu.

"Tsuntsun da bai san ni ba shi ke son sati biyu, Mushe," in ji Nomau. "Waɗanga mun saba."

Maigari kuwa ragon nasa ne, wata bakwai yana ba shi dusa da hannunsa, saboda haka bai sha wahalar yarda ba.

Matsalar farko ita ce, babu macen da za ta ara wa Nomau ko ludayi a garin nan. Dole sai da matarsa Habi ta ɗaura gyale ta shiga gida-gida. Habi 'yar Gangara ce, mace mai kamun kai da ƙarancin magana, wadda ta shekara sha takwas tana sauraron mijinta ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, kuma ni a wurina wannan kaɗai ya isa a gafarta mata duk zunubanta. Don darajarta aka fito da ƙorai sittin da uku, har da na jere waɗanda ba a taɓa zuba musu ruwa ba. Inna Laraba, tsohuwar da ke dama furar sayarwa, ta miƙo tata ta ce, "Don ke na ba da, ɗiyata, ba don mai bakin nan ba."

Ranar farko Nomau ya kifa su duka a kan ruwa, ya tsaya a gaɓa ya riƙe ƙugu kamar mai kiwo. Bai lissafa da iska ba. Iskar gabas ta taso ta kaɗa ƙoran nan a jere, suka ratsa tafki salin-alin, suka sauka a gaɓar yamma daidai mashayar shanun Fulani. Kafin ya zagayo, shanu sun taka bakwai, matan ruga sun kwashe sauran sun jera a rana.

"Ƙoraina ne," in ji Nomau, yana haki.

"Mu ba mu ɗauko ba," in ji babbar cikinsu. "Su suka zo."

"Aike su na yi."

"To sun iso."

Sai da ya yini yana ɗebo musu itace kafin suka sakar masa hamsin da ɗaya. Ran nan a garinmu a murfin tukunya aka sha fura, wani ma a hularsa aka auna masa gero. Magidanta suka fara gaishe da Nomau da harara, shi kuwa ya ce ai ƙoran sun je ganin hanya ne.

Rana ta biyu ya sake aika Habi, wannan karo ragaya ta aro, igiyoyin nan da mata ke rataye ƙwarya da su. Ya sa kowace ƙwarya cikin ragayarta, ya ɗaura mata dutse don kada iska ta sake ɗauka. Dutsen ne bai auna ba, igiyar ma bai auna ba. Ya hau kwalekwalen wani masunci, ya je inda zurfin ruwa ya fi tsawon igiyar, ya saki ta farko. Ta yi bulum, ta tafi. Ya ce wannan dama mai huji ce. Ya saki ta biyu, ta bi 'yar'uwarta. Mutumin nan sai da ya nutsar da goma sha tara kafin ya yarda cewa ba laifin ƙorai ba ne.

Mata na gaɓa suna kallo, kowace ta san tata tun daga nesa. Da ya fito suka yi masa zobe.

"Kai ɗan nan, ina ƙwaryata?" in ji Inna Laraba.

"Tana nan, Inna. Tana ƙasa tana gadin wuri."

"Gadin mi?"

"Ke ba ki san aikin ba. Sai da na ƙasa, na sama ke zama."

"Shekarata talatin ina dama hura a cikinta, ba ta taɓa gadin kowa ba. Ka shiga ka hiddo mani ita."

"Jibi war haka da agwagwa biyu zan maido maki ita."

"Ta gidana ma ban ci ba, balle wadda ta ƙetaro teku ban san mi tac ci a hanya ba."

Habi tana tsaye a bayan mata, na ga kunya ta kusa kashe ta. Ita ta bi su ɗaya-ɗaya tana ba da haƙuri.

Abin haushi, a rana ta uku sai abin ya yi kamar zai yi kyau. Ƙoran da suka rage ba a wanke su sosai ba, akwai burbushin gero da tsaki a jikinsu. Da hantsi sai ga agwagin nan sun kewaye su suna tsattsaga. Mushe da kansa ya leƙa da madubi ya ce lalle sun shiga tsakiyarsu. Shi ke nan, Nomau ya kumbura, ya ce a gaya wa Maigari ɗarin nan ta koma ɗari da hamsin, a nemo ƙarin tukwane.

Da la'asar ya zauna gwada ƙwaryar da zai sa. Nan aka gane Allah ya yi wa Nomau kai. Duk wadda ya kifa sai ta tsaya masa a tsakar ka kamar hula, hanci da gemu duk a waje. Ya gwada babban masakin gidan Maigari, shi kuma ya rufe shi har kafaɗa yana zamewa. Ya daɗe yana zazzare ido, sannan ya tuna da goran Habi.

Wani ƙaton gora ne kewayayye, mai ƙaramin baki da murfi, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, yana sheƙi. Na mahaifiyarta ne, ita ma daga tata uwar ta gada. A ciki Habi ke adana zannuwanta na fita da turaren wuta, kuma tun da tsohuwar ta rasu ba ta da wani abu nata a duniya sai shi. Ko 'ya'yanta ba sa taɓa shi.

"A'a," in ji Habi.

"Aro ne hwa. Na hantsi guda."

"Maigida, ƙorai talatin da ɗaya ka ɓatar a kwana biyu, ban ce komi ba. Wanga dai a'a."

"To shi ke nan. Gobe kumandan shi zo, a ce matar Nomau ta hana gwamnati abinci."

"A ce."

Sai ya tafi ya ɗauko Maigari da kansa, tsoho da sandarsa, ya tsaya a bakin zaure yana cewa, "Ɗiyata, mutuncin gari na hannunki." Habi ta rasa yadda za ta yi. Ta shiga ɗaki ta kwashe zannuwanta, ta fito rungume da goran kamar jariri.

"Ba a huda shi ba," ta ce. "Ga 'yar kafar igiya nan a gefe, ka leƙa ta nan. Kuma Baba Maigari shi ne shaida: in goran nan ya hwashe, Gangara zan kwana, ba ni dawowa."

"Ko ƙwarzane ba za ki gani ba," in ji Nomau. "Na riƙe madubin Bature kwana tara bai hwashe ba."

Ranar biki da sassafe muka raka shi bakin ruwa, sanyi na yanka. Ya tuɓe ya rage wando, ya ɗaura buhu a ƙugu. Bakin goran ya ƙi wuce kunnuwansa. Aka shafa musu man gyaɗa, ya ƙi. Sai Chindo ya tofa yawu a hannu, ya ce "Bismillahi," ya danna da ƙarfin da yake kayar da sa. Kai ya shige da wata ƙara kamar an cire toshiyar tulu.

"Ka ga hanya?" in ji Chindo.

"Har Maraɗi nike hange," muryar ta fito daga ciki, ta yi kauri kamar daga rijiya.

Abin da ya faru a cikin ruwa shi ya ba mu labari daga baya, na zubar da rabi, ga abin da ya rage. Ya lallaɓa lafiya har ruwa ya kawo masa wuya, yana leƙe da ido ɗaya. Da ya kusa agwagin, ƙamshin turaren shekara sittin ya hau masa hanci. Ya danne, ya danne, ya kasa. Atishawar da ya yi ta girgiza goran, ya juya a wuyan mai maiƙo, 'yar kafar ta koma ƙeya. Duhu ya rufe shi ruf. Ya so ya gyara, amma in ya ɗaga hannu sama tsuntsaye za su gani. Sai ya ce a ransa, gwani ba ya buƙatar ido.

Ya shiga lalube a ƙarƙashin ruwa, hannuwa sun sandare da sanyi, ba sa bambanta komai. Ya ji wani abu siriri mai santsi, ya fizgo, ya cusa a buhu. Ɗaya. Ya sake laluba, ya sake samu. Biyu. Ya yi mamakin yadda agwagin Turai ke da ladabi, ko motsi ba sa yi. Ashe tuni ya bar wajen tsuntsaye, ya faɗa cikin bado yana ta tumɓuke karansa.

Can da hantsi motar kumandan ta iso. Gari duka ya fito, makaɗa a gaba, mata na guɗa. Mutum ne dogo mai fara'a, da farar riga da jandarma ɗaya a bayansa. Ko ruwa bai tsaya sha ba ya ce a kai shi tafki. Mushe ya roƙi makaɗa su yi shiru don kada tsuntsaye su firgita, muka bi su a hankali har gindin giginya, mutum ya fi ɗari uku, kowa na tafiya da sanɗa.

Tafkin ran nan ya yi kyau, ban taɓa ganinsa haka ba. Ruwa ya rufe da tsuntsaye daga gaɓa zuwa gaɓa. Mushe ya miƙa madubi yana nunawa yana raɗa: ga gauraka can, ga kwasakwasa, ga masu doguwar wutsiyar da na rubuta maka. Kumandan yana ta gyaɗa kai. Sai ya tsaya cak.

"Mushe, wancan baƙin fa? Mai kewaya wuri ɗaya?"

Mushe ya karɓi madubi ya leƙa, ya daɗe bai sauke ba.

"Wannan ba ya cikin littafina, ranka ya daɗe."

"Kalacinka ne shike kamowa," in ji Maigari, cike da alfahari.

Daidai lokacin Allah ya haɗa hannun Nomau da ƙafa ta gaskiya. Ba ƙaramar agwagwa ba ce, wani tsohon namijin dinya ne, ƙato, irin mai ƙaho a gaɓar fiffike. Nomau ya ja ƙasa, dinya ya ja sama. Da ya ga goran ne ya riƙe shi, sai ya juyo ya hau shi da duka. Fiffiken dama, fiffiken hagu, baki a tsakiya. Goran nan busasshe ya ɗauki amo, kam-kam-kam, har gaɓa.

Makaɗanmu tun safe hannunsu ke ƙaiƙayi. Da babbansu ya ji kiɗa na tashi daga ruwa, bai san lokacin da ya amsa ba. Sauran suka bi. Mata suka ɗauka an ba da izini, suka rangaɗa guɗa.

Tafki ya tashi gaba ɗaya. Dubban tsuntsaye suka yi sama lokaci guda, rana ta dushe, iskar fikafikansu ta kaɗa rigar kumandan, abin da suka sako daga sama kuma ya sauka a kanta da rawanin Maigari ba tare da bambanci ba. Suka yi kewaye ɗaya, suka miƙe kudu. Kafin Mushe ya gama ɗaga wa makaɗa hannu, babu abin da ya rage a ruwa sai ƙoran mata da wani zalɓe guda da bai damu da kowa ba.

Dinya ya ja Nomau taki goma, ya ƙwace, ya ƙara masa ɗaya na sallama, ya bi 'yan'uwansa. Goran ya tsaya yana juyi. Muka yi ta kira, "Nan, nan," shi kuwa a ciki kowace murya daga ko'ina take zuwa masa, sai ya nufi tsakiyar tafki. Da masunci bai bi shi da kwalekwale ya kamo igiyar buhun ba, da labarin ya ƙare tun nan.

Aka tsayar da shi gaban kumandan, yana ɗigar ruwa, kafaɗu duk shaidar dinya. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sai dai giginya ya fuskanta. Chindo ya juyo da shi.

"Ku karɓi buhu a hankali," in ji muryar cikin gora. "Da ransu suke. Talatin da huɗu ne, na bar saura su huta."

Chindo ya kwance bakin buhu ya zazzage a gaban kowa. Karan bado ya zubo tuli guda. Kwaɗi biyu suka yi tsalle suka nufi ruwa. A ƙarshe wata ragaya ta faɗo da rabin ƙwarya a ciki.

"Tawa ce," in ji Inna Laraba. "Ina rabin?"

"Mi ya hito?" in ji Nomau. "Ku yanka masu ƙiba tukuna."

"Sai dai mu yi miya da su," in ji Chindo. "Ko wuƙa ba su so."

Kumandan ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Ya cije leɓe, ya dubi sama, ya dubi jandarmansa. Da ya ga jandarman ya juya baya kafaɗunsa na rawa, sai shi ma ya sake, ya yi dariya har ya dafa giginya. Maigari ya matso kusa da Chindo, murya kamar mai ta'aziyya, ya ce a je a kamo ragon.

Sai aka zo cire gora. Kunnuwan da suka shiga da ƙyar da safe, yanzu sanyi da dukan dinya sun kumbura su. Mutum biyu suka riƙe ƙafafu, biyu suka ja gora, Nomau ya yi ƙara har zalɓen nan ya gaji ya tashi. Aka kawo man shanu aka ɗura ta wuya, aka sake ja, babu labari. Wani ya ce a kwantar da shi a rana ya bushe, wani ya ce a mai da shi ruwa ya jiƙa. Kumandan ya share hawaye ya ce a fasa kawai.

"Ba mai taɓa shi," in ji Habi.

Ta ratso taro ta tsaya gaban mijinta, ta ɗora hannu a kan goran. Ba ta taɓa magana a gaban taron maza ba sai ran nan.

"Haba, Habi," in ji Chindo. "Mutum ne a ciki."

"Shi ya sa kanshi. Shi hiddo shi yadda ya shiga."

"Ku ƙyale ta," in ji Nomau daga ciki. "Ni nan daɗi nike ji. A Maraɗi na taɓa kwana uku cikin tulu."

Ya ci gaba da ba da labarin tulun. Rana ta ɗaga, baƙin gora ya ɗauki zafi, man shanu ya toshe ɗan wurin da iska ke shiga ta wuya. Labarin ya fara tsinkewa. Ya ce tulun na Bature ne, ya ce Baturen, ya ce, sai muka ji shiru. Ya sulale ya zauna a ƙasa, kan goran ya langaɓe gefe.

Shekara goma sha biyu muna roƙon Allah ya nuna mana ranar da Nomau zai yi shiru. Da ta zo, tsoro ya kama mu duka.

"Maigida," in ji Habi. Ta ƙwanƙwasa goran. "Maigida."

Ba amsa.

"Nomau."

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ta waiga, ta fizge sandar Maigari daga hannunsa, ta rufe ido, ta sauke ta a tsakiyar goran uwarta. Ya tsage gida biyar. Kan Nomau ya fito, jajir, yana naso da mai, ya ja numfashi kamar saniyar da aka ciro daga rijiya. Bakin goran kaɗai ya rage, kewayayye, bai ko tsage ba, yana rataye a wuyansa.

Habi ta durƙusa tana tsince gutsattsarin ɗaya-ɗaya, tana share musu ƙasa da bakin zanenta, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Wallahi ta ba ni tausayi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba wanda ya sake dariya, har kumandan.

Nomau ya buɗe ido, ya dubi gutsattsarin, ya dubi sandar, ya dubi Maigari. Ya tuna da sharaɗin jiya. Kuma maimakon ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, sai ya ɗaga yatsa.

"Jama'a, ku shaida," ya ce. "Ba ni na hwasa shi ba."

Habi ta ɗago ta dube shi. Ta ƙulle gutsattsarin a gyalenta, ta ɗora a ka, ta miƙe. Ba ta bi ta gida ba, hanyar Gangara ta kama.

Sai a lokacin abin ya shige shi. Ya tashi yana tangaɗi, ba riga ba takalmi, ya bi ta yana kira. Muka bi su a baya, don ba a barin irin wannan. Ya cim mata wajen gonar Maigari.

"Habi, tsaya. Na yi laihi. Zan kai ma gyartai shi ɗinke shi, ko alama ba za ki gani ba. Na san wani a Mara…"

Ta juyo, ya haɗiye sauran.

"Abin da ke wuyanka nawa ne," ta ce. "Shi kaɗai ya rage lahiya. Ka kawo mani shi gidanmu, kuma kak ka hwasa."

Ya kama shi ya ja sama, kunnuwa suka ce ba su san zancen ba. Ya dube mu, ba wanda ya motsa. Habi ta juya ta ci gaba da tafiya.

Haka suka shiga Gangara ranar kasuwa, ita a gaba da ƙulli a ka, shi a baya da wando jiƙaƙƙe, ya riƙe bakin gora da hannu biyu don kada ya yi tuntuɓe ya fasa. Kwana shida ya yi a zauren surukinsa kafin kumburin ya saɓe, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa ya tambaye shi mene ne wannan a wuyansa, sai ya dubi ƙofar cikin gida, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na matata ne."